Finafinan Powell da Pressburger: wanne ne gwarzo, kuma da wanne baƙo zai fara?

Sadiq_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau na zo da magana, kuma na san sai ta tada ƙura. A cikin finafinan da masu shirya fim na Ingila, Michael Powell da Emeric Pressburger, suka yi tare, tun daga The Spy in Black na 1939 har zuwa Ill Met by Moonlight na 1957, ni a wajena The Red Shoes na 1948 shi ne ya ciri tuta, sauran duk a bayansa suke. Rawar nan ta tsakiyar fim, wajen minti 15 babu wanda ya ce uffan, sai kiɗa da kala da motsin jiki, ita kaɗai ta isa hujja. To ga tambaya biyu. Ta farko, wa yake da ja? Ta biyu, ƙanina ya dame ni yana so ya fara kallonsu, kuma yaro ne da idan fim bai kama shi cikin minti goma ba ya koma TikTok. Da wanne zan fara masa?

Ɗan_Tasha:
Wa'alaikumussalam. Fim ɗin rawar Turawa za ka fara wa ɗan Fagge da shi? Allah ya ba da sa'a.

Malam_Habu:
Sadiq ɗana, ja kam akwai shi. Ban raina The Red Shoes ba, amma The Life and Death of Colonel Blimp na 1943 ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Ka duba abin da suka yi. Blimp asalinsa zanen barkwanci ne na David Low a jaridar Evening Standard, wani tsohon soja mai teɓa da gashin baki, wanda duk maganar da ta fito bakinsa shirme ce. Kowa a Ingila dariya yake masa. Fim ɗin ma da haka ya buɗe: wani matashin hafsa ya kutsa gidan wankan surace ya kama tsohon Janar Clive Candy ɗaure da tawul, tun kafin lokacin da aka tsayar za a fara atisaye, yana masa ba'a. Kai ma mai kallo kana taya shi dariya. Sai su ja ka shekara 40 baya, zuwa 1902, su nuna maka yadda aka yi teɓar nan ta samu, da tabon da gashin bakin yake ɓoyewa. Kafin a dawo da kai gidan wankan, kunyar dariyar da ka yi ta kama ka.

Roger Livesey ne ya fito tun yana saurayi har ya tsufa. Deborah Kerr kuma ta fito a mata uku daban-daban, domin mutumin ya ƙare rayuwarsa yana neman fuskar mace ɗaya da ya bari ta auri amininsa. Aminin nan kuwa Bajamushe ne. Ana tsakiyar yaƙi da Jamus fa! Shi ya sa Churchill ya ƙi jinin fim ɗin tun kafin a gama shi, aka ƙi sakar musu Laurence Olivier daga aikin soja ya ja fim ɗin, aka kuma yi ta jan ƙafa wajen barin a fitar da shi ƙasashen waje.

Nafisa_Edita:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, ka bar wurin da ni ya fi kashe ni a Blimp. Fito-na-fito da takobi a Balin. Sun ɓata lokaci mai tsawo suna shirya ka: ana karanta dokoki, ana auna fili, likita na jera kayansa, mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba sun fuskanci juna. Takubba na fara haɗuwa sai kyamara ta ɗaga sama, ta fice ta rufin ɗakin, ta sauka waje cikin dusar ƙanƙara inda wata mata ke zaune a keken doki tana jiran labari. Faɗan da ka ƙagu ka gani, an hana ka. A sana'armu idan na yanke wa furodusa faɗa haka, ranar zan bar aiki. Amma su sun san ba faɗan ne labarin ba, abotar da za ta biyo baya a asibiti ce.

Duk da haka ni ƙuri'ata ta Black Narcissus ce, na 1947.

Bash_Kamara:
Yauwa Anti Nafisa! Na yi zaton ni kaɗai ne. Wanda bai sani ba zai rantse a tsaunukan Himalaya aka ɗauke shi, alhali ko ƙafa ba su taka Indiya ba. A situdiyon Pinewood na Ingila aka gina gidan sistocin cocin da labarin ke gudana a cikinsa, gangaren dazuzzukan kuma a wani lambu ne mai suna Leonardslee a kudancin Ingila. Ƙararrawar nan da ke bakin tsauni, wadda idan Sista Clodagh ta je kaɗa ta sai cikinka ya juya saboda zurfin ramin da ke ƙasa, tsalle ɗaya ne tsakaninta da ƙasa. Ramin zane ne a kan gilashi, aikin W. Percy Day da mutanensa. Jack Cardiff ya ci Oscar a ɗaukar hoto, Alfred Junge ya ci a tsara wuri. Kuma ku tuna irin kyamarar da suke fama da ita: ta Technicolor, zaren fim uku ke gudu a cikinta lokaci guda, gilashi na raba musu haske, ga nauyi ga cin fitila. Mu yau muna da kyamarar da ke shiga aljihu, amma fuskar jaruma a ɗaki ɗaya ta gagare mu haskawa.

Nafisa_Edita:
Sai ka haɗa da ƙarshensa, Bash. Tun daga asubar da Sista Ruth ke laɓe tana bibiyar Clodagh har zuwa kokawar bakin tsauni, kiɗan aka fara rubutawa. Brian Easdale ya gama nasa, sannan aka ɗauki hoton a kan bugun kiɗan, ana auna daƙiƙa. Shi ya sa ba ka iya ɗauke ido. Ga kuma daren da Ruth ta tuɓe kayan sistoci ta sa jar riga, ta zauna gaban Clodagh tana goga jan-baki a hankali, ita kuma ta buɗe littafin addininta, kyandir na ci a tsakaninsu. Babu duka, babu zagi, amma tsigar jikinka sai ta tashi. Kathleen Byron ta yi aiki a wurin nan.

Hauwa_BUK:
Ku yi haƙuri in zuba muku ruwan sanyi. Black Narcissus yana da kyau a ido, ban musa ba. Amma ina mutanen wurin suke a cikin labarin? Ana ta cewa kamar yara suke, dattijon da ke zaune a kan dutse ko kalma ɗaya bai furta ba, Jean Simmons kuma Baturiya ce aka shafa mata baƙi aka maƙala mata zobe a hanci aka ce ga Kanchi. Cikin manyan 'yan wasan, Sabu ne kaɗai ɗan Indiya na gaske. Ƙasar mutane ta zama madubin da Turawa biyar ke kallon damuwarsu a ciki.

Blimp ɗin Malam ma bai tsira ba. Abin da ya kai Candy Balin shi ne ya ƙaryata zancen cewa Ingila na zalunci a yaƙin Boer. To sansanonin nan na Afirka ta Kudu gaskiya ne, dubban mata da yara sun mutu a ciki, farare da baƙaƙe. Kuma 1902 ɗin nan da ake nuna mana hafsoshi masu ladabi da cika alkawari, shekara ɗaya ce tsakaninta da shigar sojojin Lugard Kano da Sakkwato a 1903. Sa'o'in Candy ne suka yi wannan aikin. Ni ba na iya kallonsa in manta da haka.

Malam_Habu:
Hauwa 'yata, maganarki dutse, kuma ba na so ki manta. Amma ki sake kallon wurare biyu. Na farko, bangon ɗakin Candy. Maimakon su nuna shekarun da suka wuce, sai ki ji ƙarar bindiga kan dabba ya bayyana a bango, wata ƙarar wani kan, har bango ya cika, a ƙarshe hular kwanon sojan Jamus ta hau jerin. Wanda ya yi wannan ba yabon daular yake ba. Na biyu, a yaƙin duniya na farko, Candy ya tambayi fursunonin Jamus cikin lalama suka ƙi magana, ya tafi abinsa. Yana ba da baya wani manjo ɗan Afirka ta Kudu mai tabo a fuska ya karɓi tambayar, kuma an bar mu mun gane irin tambayar da zai yi. Daga baya Candy na ta alfahari wai da tsabtar hannu suka ci yaƙi. Fim ɗin ya san abin da jaruminsa bai sani ba. Tausayinsa yake ji, ba gaskata shi yake yi ba.

Hauwa_BUK:
Na ji wannan, Malam. Sai dai har a wurin ma, ƙazamin aikin ɗan Afirka ta Kudu aka ɗora wa, ba ɗan Ingila ba.

Bash_Kamara:
Ƙarin bayani kan bangon nan na Malam: Jack Cardiff ne ya ɗauki kawunan dabbobin, lokacin yana ƙaramin ma'aikaci a rukuni na biyu. Powell ya ga yadda ya haska su, ya ba shi babban fim. Daga nan ƙofa ta buɗe masa.

Kuma Hauwa, Black Narcissus ya fito 'yan watanni kafin Indiya ta samu 'yanci a Agustan 1947. Ƙarshensa Turawa ne ke tattara kayansu suna sauka daga dutse, sun kasa, ruwan sama na rufe bayansu. Ko da gangan ko ba da gangan ba, abin ya zo daidai.

Kawu_Sale:
Ku duka kun tafi wajen masu kala kun bar min nawa. I Know Where I'm Going! na 1945, baƙi da fari, ba hayaniya. Yarinya ce 'yar birni, Joan Webster, wadda tun tana rarrafe ta san abin da take so. Ta kama hanya za ta auri wani attajiri mai kamfani a wani tsibiri a yammacin Sikotland. Saura tsallake ruwa ɗaya ta isa, sai hazo ya sauka, bayansa iska ta taso, ta maƙale a tsibirin Mull tare da wani sojan ruwa da ya zo hutu. Angon ma ba a taɓa nuna fuskarsa ba, muryarsa kawai ake ji ta rediyo, kuma daga muryar ka gama sanin ko wane ne. Da ta ga zuciyarta na neman kuɓuce mata, sai ta ba wani yaro mai kwale-kwale fam 20 ya tsallaka da ita cikin guguwa, suka nufi Corryvreckan, inda ruwan teku ke murɗawa yana haɗiye jirgi. Rigar auren can ta tafi.

Ni da nake zaune a Glasgow na taɓa kai iyali Mull da rani. Akwatin wayar nan ja da aka dasa a gefen ruwa mai zubowa daga dutse, wanda a fim ba a jin magana a cikinsa saboda ƙarar ruwan, yana nan a hanyar Carsaig. Na shiga na rufe ƙofa, 'yata na waje tana min magana, bakinta kawai nake gani yana motsi.

Nafisa_Edita:
Kawu, ka san Roger Livesey bai taka Sikotland ba a fim ɗin nan? Yana wasan daɓe a Landan, ba a sake shi ba. Duk inda ka hango shi daga nesa a bakin teku wani ne ya sa kayansa ya koyi tafiyarsa, na kusa kuma a situdiyo aka ɗauka. Na bi shi a hankali ina neman ɗinkin, da ƙyar na kama wuri ɗaya.

Kawu_Sale:
Kin ɓata min fim, Nafisa. Allah ya shirye ki.

MamanIlham:
Ni bari in koma kan na Sadiq, don na ga an bar shi shi kaɗai. Ina tare da kai a The Red Shoes, amma ba don rawar ba. Ku maza kala kuke gani, mu kuwa labarin muka sani. Vicky Page na da baiwa. Lermontov mai ƙungiyar rawa ya ce ko rawa ko soyayya, ba a haɗa su. Duk mun yarda shi mugu ne. To mijin fa? Julian da ake nuna mana a matsayin masoyi, shi ya ci gaba da rubuta kiɗansa bayan aure, cikin dare ma tashi yake ya tafi wajen fiyano, ita kuma tana buɗe durowa tana shafa takalmanta. Da ta koma rawa sau ɗaya, ya baro Landan ya zo har ɗakin shirinta a Monte Carlo ya ce ta zaɓa. Babu wanda ya ce shi ya zaɓa. Mu da muke ganin yadda jarumai mata ke ɓacewa daga fim da zarar an ɗaura aure, da 'yan mata masu karatu da ake cewa su ajiye, ba sai an fassara mana wannan fim ɗin ba.

Abu_Hanif:
Hajiya, da girmamawa, ai fim ɗin bai ce rawar ce mafita ba. Ƙarshenta a kan titin jirgin ƙasa ne, kuma abin da ta roƙa na ƙarshe shi ne a cire mata takalman.

MamanIlham:
Wa ya kai ta titin jirgin, Malam? Maza biyu ne suka sa ta a tsakiya kowa na ja.

Gwani_Marubuci:
Tunda an zo wurin nan, akwai abin da ya faru a bayan fage wanda ya shafi tambayar da ni ta fi damuna. Powell ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa sun yi gardama da Pressburger kan wannan fitowar. A cikin rawar, yarinya ba ta sa jajayen takalma sai an yi nisa, to me zai sa Vicky ta sa su tun kafin a buɗe labule? Marubuci ya ce hankali bai ɗauka ba. Darakta ya ce dole a gan su a ƙafarta. Darakta ya yi nasara, kuma na yarda da shi a nan.

Amma ku lura da yadda ake cewa “fim ɗin Powell” a ko'ina, a bar ɗayan. Alhali a allon fim ɗinsu, bayan kibiyar nan ta kamfaninsu The Archers ta soki allon saiti, rubutu ɗaya ne: rubutawa, shiryawa da ba da umarni, sunayensu biyu a jere. Pressburger ne ke ƙirƙiro labari da gininsa, su yi ta miƙa wa juna rubutun, Powell ya tsaya a gaban kyamara, shi kuma ya koma wajen tacewa da kiɗa. Oscar ɗin da ya shigo hannun ɗayansu ma Pressburger ne ya ci, a labarin 49th Parallel na 1941.

Kuma ku dubi ko wane ne shi. Bayahude ne haifaffen Miskolc a Hungari, 1902. Ya yi rubutun fim a Balin, 'yan Nazi suka hau mulki ya gudu Faransa, daga nan Landan, ya koyi Turanci da girmansa. Furodusa Alexander Korda ne ya haɗa shi da Powell. Lokacin yaƙi yana rubuta wa Ingila finafinan ƙarfafa gwiwa, amma a takarda baƙo ne daga ƙasar abokan gaba. Mahaifiyarsa ta mutu a hannun 'yan Nazi. Yanzu ku koma ku kalli wurin da Anton Walbrook, wanda ya fito a aminin nan Bajamushe, ke zaune gaban jami'in tantance baƙi a Blimp, yana bayanin dalilin da ya sa ya baro Jamus: matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu sun zama 'yan Nazi, ko jana'izarta ba su zo ba. Kyamara ba ta yanke ba, matsowa kawai take yi. Wannan ba Powell ɗan Kent ne ya rubuta shi ba. Ni na taɓa rubuta fim sukutum, da ya fito sunana na can ƙasa bayan na mai kawo abinci, don haka ku bar ni in yi wa mutumin nan kara.

Ɗan_Tasha:
Wato dai direba da kwandasta. Kowa na gaida direba, amma kwandasta ne ya san inda motar za ta da ko nawa aka tara.

Bash_Kamara:
Gwani, ban ƙi taka ba, amma bayan rabuwarsu wa ya yi Peeping Tom a 1960? Powell shi kaɗai, da wani marubucin. Masu sharhin Ingila suka yi masa ca, aikinsa ya durƙushe a ƙasar, amma yau ana karantar da fim ɗin. Ke nan idonsa nasa ne, ba aro ba.

Gwani_Marubuci:
Ido kam nasa ne. Ka nemo min raha da tausayin da ke cikin Blimp a Peeping Tom, sai mu yi magana. Af, Sadiq, gyara kaɗan: 1957 ƙarshen The Archers ne, ba ƙarshen aikinsu tare ba. Pressburger ya rubuta wa Powell They're a Weird Mob na 1966 a Ostareliya da sunan aro, suka kuma yi wani ɗan fim na yara a 1972. Ba faɗa ne ya raba su ba.

Issoufou_Damagaram:
Sannunku da hira. An yi nisa an manta da yaron da ake nema wa fim. Sadiq, A Matter of Life and Death na 1946 za ka sa masa, kar ka tsaya shawara. Minti goman da ka ce, a cikinsu an gama kama shi: jirgin yaƙi na ci da wuta a sama, matuƙin, David Niven, ba shi da lemar sauka, yana magana ta rediyo da wata Ba'amurkiya da bai taɓa gani ba, yana mata wasiyya yana tsokanarta. Ya yi tsalle. Sai ga shi ya farka a bakin teku da ransa, wai wanda aka aiko ɗaukarsa ya ɓace shi cikin hazon Ingila. Kafin a gano kuskuren ya haɗu da yarinyar, sai ya ce bai yarda ba, ya ɗaukaka ƙara. Duniya mai kala ce, lahira kuma baƙi da fari, akasin abin da kowa zai yi tsammani. Ga matakalar nan mai tafiya da kanta, ga wasan ƙwallon tebur da aka tsayar da ƙwallo a iska. Yaron TikTok ba zai motsa ba.

Abu_Hanif:
Wannan ne kaɗai a cikinsu da ban iya ƙarasawa ba. Zancen an yi kuskure wajen ɗaukar rai, da kotu a lahira ana ja-in-ja, bai kwanta min ba ko a wasa. Ajali ba ya kuskure. Ban hana kowa ba, amma ni ba zan fara wa yaro da shi ba.

Likita_Zainab:
Malam Abu Hanif, na fahimci damuwarka, sai dai fim ɗin da kansa ya rubuta a farkonsa cewa ɗaya duniyar a cikin kan matuƙin kawai take. Kuma sun bi abin a tsanake ta fuskar asibiti. Duk lokacin da baƙon nan zai bayyana masa, sai ya ji ƙamshin soyayyar albasa, ga ciwon kai, ga wani ɓangare na ganinsa ya ragu. Jin ƙamshin abin da babu shi alama ce da muke nema a wasu nau'o'in farfaɗiya da ciwon ƙwaƙwalwa. Likitan cikin fim ya gano tsohon rauni ne a kai, ya sa a yi tiyata. Shari'ar tana gudana ne daidai lokacin da yake kwance an sa masa maganin barci, har ana nuna fatar ido na rufe kyamara daga ciki. Ka kuma duba fuskar alƙalin da ta likitan da ya yi tiyatar: mutum ɗaya ne, Abraham Sofaer.

Abu_Hanif:
Wannan bayanin ya rage min wani abu, Likita. Amma hoton da ido ya gani ya fi rubutun farkon fim zama a kan yaro.

Hauwa_BUK:
Abin mamaki, wannan ne na fi sassauta wa. An so su yi fim ɗin gyara tsakanin Ingila da Amurka ne bayan yaƙi, amma sai lauyan da ke ƙarar matuƙin ya jero masu taya alƙali daga al'ummomin da Ingila ta taɓa: Bafaranshe, ɗan Boer, ɗan Rasha, ɗan Sin, ɗan Indiya, ɗan Ayaland. Lauyan da ke kare shi ya san ba zai ci shari'a a gabansu ba, dole ya nemi a canza su. A fim ɗin da aka buɗe bikin shekara-shekara na nuna wa Sarkin Ingila da iyalinsa fim da shi ke nan. Afirka ta Yamma dai ba a ba mu kujera ba, da jerin ya fi haka tsawo.

Sadiq_Fagge:
Kai jama'a, na fita sallah na dawo na tarar da zaure ya cika. Na gode ƙwarai. Na yaro dai na fi karkata ga shawarar Malam Issoufou, in ya so in zauna kusa da shi saboda maganar Abu Hanif. Blimp minti 163 ne, Malam Habu, in na fara masa da shi ba zai sake amsa kirana ba. Amma kan tambayar farko ban motsa ba. MamanIlham ma ƙara min hujja ta yi. Ku nemi wanda aka gyara a 2009, wanda gidauniyar daraktan Amurka Martin Scorsese ta tsaya a kai, ku ga jan takalman nan yadda yake, sannan ku zo mu sake zama.

Malam_Habu:
Ba ka motsa ba don shekarunka ba su kai ba. Blimp ba a gane shi sai ranar da wani yaro ya kalle ka ya ce zamaninka ya wuce. Ka ajiye shi, zai jira ka.

MamanIlham:
Malam, wannan ai ba hujja ba ce, barazana ce.

Kawu_Sale:
Tunda an ambaci Scorsese, mai tace masa finafinai Thelma Schoonmaker ita ce matar Powell, sun yi aure a 1984, Powell ya rasu a 1990, shekara biyu bayan Pressburger. Akwai kuma shirin da Scorsese ya yi bayani a kansu a 2024, Made in England. Wanda ke son ya ɗanɗana kowanne kafin ya zaɓa, ya fara da shi. Sai dai yana tona ƙarshen wasu.

Nafisa_Edita:
Babu wanda ya taɓo A Canterbury Tale na 1944, kuma na san dalili. Ta yaya za ka gaya wa mutum labarin wani alƙalin ƙauye ne da ke zuba wa 'yan mata gam a gashi da daddare, wai don sojoji su daina bin su su zo sauraron laccarsa ta tarihi? Ko a lokacinsa bai yi kasuwa ba. Amma yankan nan na farkonsa, shaho ya tashi daga hannun mahajjacin zamanin da, ya rikiɗe ya zama jirgin yaƙi, shekara 600 a ƙiftawar ido, ina nuna wa duk wanda ya zo koyon aiki wajena. Da tafiyar da yarinyar ke yi cikin unguwar da bam ya share, babu gini ko ɗaya sai alluna da ke faɗin inda kowane shago ya koma.

Bash_Kamara:
In dai za a buɗe na gefe, to The Small Back Room na 1949 ya fi shi. David Farrar da Kathleen Byron ɗin nan dai na Black Narcissus, amma a nan ita ce mai hankalin. Shi masanin bam ne mai ƙafar roba da ke fama da kwalba. Wurin kwance bam a kan tsakuwar bakin tekun Chesil, inda ko ƙafa ka motsa tsakuwa na zamewa, gumi na zuba, babu kiɗa ko kaɗan, ban ga wanda ya yi irinsa ba.

Ɗan_Tasha:
Bam? Akwai mai bam a ciki tun ɗazu kuka bar mu muna ta zancen takalmi da jan-baki? Bash, turo min sunan ta akwatin saƙo, kuma ka gaya min ko yana da rubutun ƙasan allo, don Turancin mutanen nan ta hanci yake fita.